Kular Auta: abin da nake zubawa da abin da ke dawowa

Lahadi, 22 ga Satumba, 2024

Gobe Auta za ta koma makaranta. 'Yan ajinsu sun riga ta komawa, ita tana gida saboda zirga-zirgar asibiti tsakanin nan Birnin Kebbi da Sakkwato. Yanzu dai ciwon ya samu suna. Likita ya ce siliyak ake kiransa. Jikinta ba ya jituwa da gulutin, sinadarin da ke cikin alkama da sha'ir, wanda shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Duk ranar da ta ci, sai garkuwar jikinta ta juya ta far wa ƙaramin hanjinta, ta goge 'yan tsiron da ke tsotse amfanin abinci. Abin da ya sa ke nan shekara biyu tana ci kamar kowa amma ba ta gaba. Ciki a kumbure, gudawa ba ta yankewa, jini kullum a ƙasa. Mun sha maganin taifot, mun sha na tsutsar ciki, an jiƙa mana na shawara har sau uku. Shekararta bakwai, kayan 'yar shekara biyar take sawa.

Doka biyu aka ba mu. Alkama da danginta, har abada. Madara da duk abin da aka yi da ita, na wasu watanni. Likita ya zana mini hanjin a bayan katinmu, ya nuna mini cewa abin da ke narkar da sukarin madara a kan waɗannan 'yan tsiron ake yin sa. Tunda sun goge, madara ba ta samun mai narkar da ita, sai ta zama iska da gudawa. In hanjin ya warke, ana sa ran ta dawo.

Na zauna da daddare na lissafa abin da ya fita daga kularta: burodi, Indomie, taliya, biskit, kek, cincin, fanke, gurasa, finkaso, alkaki, dubulan, tuwon Semovita. Milo ma ya fita, don akwai sha'ir da madara a ciki. Sai nono da kindirmo da man shanu. Da na duba sai na ga kusan duk abin da nake tura ta da shi makaranta tun tana rabin aji yana cikin wannan jeri. Na daɗe ban iya tashi daga wurin ba.

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da ta ci da yadda cikinta ya kwana. Zan ƙara da nawa: abin da na zuba a kula da safe, da abin da ya dawo da rana.

Litinin, 23 ga Satumba

Shinkafa da wake da mai da yaji, dafaffen ƙwai ɗaya, gorar zoɓo. Rabin shinkafar ya dawo, ƙwai da zoɓo sun tafi.

Ni na kai ta da kaina don in ga malamar ajinsu. Na roƙe ta abu ɗaya, kada kowa ya ba yarinyar nan komai, ko da alewa ce. Ta ce, “Maman Auta, in sha Allahu zan sa ido.” Na daina ba ta kuɗin tara. A bakin ƙofar makarantar na tsaya na kalli masu talla, na ga mai fanke da mai awara kasko ɗaya suke amfani da shi idan man ɗaya ya ƙare. Awara ba ta da laifi, waken suya ne zalla, amma man da fanke ya yi wanka a ciki ya riga ya ɗebi fulawa.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Wannan makon na koyi abin da ban taɓa tunani ba.

Ranar Lahadi na jiƙa shinkafar tuwo, na aika yayanta ya kai markaɗe, na kwaɓa da yis da albasa, na bar shi ya tashi. Litinin da asuba na soya masa a tanda, guda shida a kula da ɗan yajin ƙuli a leda. Ta cinye tas, ta dawo tana murna. Da yamma ciki ya ɗaure, dare ya raba muna hanyar bayi. Na bi duk abin da na zuba ɗaya bayan ɗaya, ban ga alkama ba. Sai Laraba na je wurin mai injin da kaina. Ina tsaye wata yarinya ta ajiye bokitin jiƙaƙƙiyar alkama. Na tambaye shi ko ana kawo masa ita sosai. Ya ce, “Hajiya, kullum. Masu ciwon suga tuwonta suke ci yanzu, ga masu finkaso.” Na ce yana wanke injin tsakanin niƙa da niƙa? Ya ce yana kora ruwa dai. Ban ga laifinsa ba, babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ragowar wani na iya kwantar da ɗan wani. Na leƙa bakin injin na ga tsohon ƙullu ya bushe a lungunan dutsen, kala uku ko huɗu.

Mun yi shawara da Abban yara. Abin da za a markaɗa da ruwa, shinkafa da wake da gyaɗa da waken suya, a gida za a yi shi da bilanda duk lokacin da aka kawo wuta, ko da ƙarfe biyun dare ne. Gero da dawa kuma turmi. Na samu wata baiwar Allah a unguwarmu da ke yin surfe da daka, na saya mata sabuwar rariya, na ce wannan ta Auta ce kaɗai. A kicin ɗina ma na ware mata muciya da ludayi da matsami da kasko, na ɗaura musu jan zare. Tsohuwar rariyata da ta shekara tana tankaɗe fulawa na ba da ita.

Fulawar da ta rage a gidan, kusan rabin buhun ƙarami, na aika wa ƙanwata. Ba zan iya tankaɗe ta a kicin ɗin da kular yarinyar take a buɗe ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Hajiya, kakarsu, ta zo daga gida da ƙwaryar nono da curin fura da kwalbar man shanu, kamar yadda ta saba. Na durƙusa na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, “Wanga wane irin ciwo na, da za ya hana ma ɗiya nono? Mu da hura munka girma.” Sai ta ce ita ba ta taɓa jin Bahaushe da wannan cuta ba, ta Turawa ce.

Na fahimce ta, don ni ma haka na ce wa likita a ranar farko. Shi ne ya gaya mini cewa a duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fi samun ta a nan Afirka ne, tsakanin yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, inda wani bincike na 1999 ya samu fiye da 5 cikin 100. Abincinsu na agaji fulawa ce. A wurinmu ba a cika gwada ta ba ne, yaro ya yi ta ramewa ana cewa shawara.

Furar kanta gero ce, ba ta da matsala, kuma Hajiya da hannunta ta daka ta, da garin gero ta mulmula. Nonon ne damuwa. Sai ita da kanta ta ce a samo mata garin 'ya'yan kuka. Ta jiƙa shi, ta tace, ya fito fari da kauri da tsami, kwalba da nono ke nan da muka sha muna yara. Ta dama furar da shi, ta sa ɗan sukari, ta miƙa wa jikarta a ludayi. Auta ta shanye ta nemi ƙari. Hajiya ta koma da man shanunta, ban ji daɗin ganin ta ɗauke shi ba, amma ta bar mini dabarar da ban da ita. Yanzu ranar Juma'a, da ake tashi da wuri, gorar fura ce ke zuwa makaranta.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana uku a jere kula tana dawowa kamar yadda ta tafi. Litinin dambun shinkafa da zogale, Talata ɗan wake, yau alala. Ɗan waken nan na sha wahalarsa, don na kasuwa yawanci da fulawa ake haɗa shi. Nawa garin wake ne da alabo da kuka da ruwan kanwa, sai da na gwada sau uku kafin ya daina narkewa a tukunya. Ko ɗaya ba ta taɓa ba.

Na zata ciki ne. Na tambaye ta, ta ce ba ya ciwo. Da daddare ina tsefe mata kai ta ce, “Umma, ƙawayena sun ce abincina na 'yan ƙauye ne.” Ta ce idan an fita tara kowa ya buɗe Indomie da ƙwai ko burodi da bota, ita ta buɗe zogale, sai su toshe hanci. Shi ya sa take barin kular a jaka ta zauna da yunwa har a tashi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da yaran ba. Yara abin da suka ji a gida suke faɗi. Mu ne muka mai da fulawa abincin wayewa. Jihar nan shinkafa take nomawa tun kaka da kakanni, fadamar nan daga Argungu har Suru. A nan garin aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Nuwamban 2015, a Argungu aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a 2017. Alkamar da muke ci kuwa mafi yawanta jirgin ruwa ke kawo ta daga wata ƙasa. Amma yarinyar da ta zo da abin da ƙasarta ta fitar ita ce ke jin kunya. Ni ma ina cikin masu laifin, don kafin ciwon nan sau nawa na zuba mata dambu a kula? Indomie ta fi sauri, minti biyar an gama.

Ban yi mata wa'azi ba. Na tambaye ta wanne ne a cikin abincin ba ta jin kunyar buɗewa. Ta ce dafa-duka, soyayyen dankali da ƙwai, masa, awara. Na ce to su za mu fi yi. Dambu da ɗan wake a ci su a gida. Gobe kuma zan saya mata kula mai hawa biyu irin ta ƙawayenta, don na lura tsohuwar ta ƙarfe ma tana cikin abin da ake yi mata dariya a kai.

Talata, 12 ga Nuwamba

An yi bikin ranar haihuwar wata yarinya a ajinsu ranar Alhamis. Uwar ta aiko da leda-leda, biskit da alewa da yankan kek. Malamar tana ofis lokacin da aka raba. Auta ta ci biskit biyu. Ba ta ɓoye mini ba, tana shigowa ta faɗa tana kuka tun kafin cikin ya fara. Kwana uku ba ta je makaranta ba.

Wata maƙwabciya ta ce mini, “Haba, biskit biyu kacal?” Ga abin da nake so duk mai irin wannan yaro ya riƙe. Ma'aunin da duniya ta amince da shi kafin a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya. Ɓurɓushin burodi a kan wuƙa ya isa ya tayar da hanji. Kuma ko yaro bai yi gudawa ba, ɓarnar na iya faruwa a ciki shiru. Babu “ɗan kaɗan” a wannan ciwo, kuma ba a sabawa da shi a hankali kamar yadda ake saba wa yaro da yaji.

Na karanta yadda aka tabbatar da cewa alkama ce ke tayar da wannan ciwo. Wani likitan yara a ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ya lura cewa a yunwar da aka yi a can a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, da burodi ya yanke sai yaran da yake dubawa masu wannan ciwo suka samu sauƙi, da burodi ya dawo sai ciwon ya dawo. Na ba Auta labarin. Ta tambaya ko yaran sun girma. Na ce waɗanda aka raba da burodi sun girma.

Abin da na yi: na kai wa malamar wata roba mai murfi, a ciki da dabino da aya da kantun riɗi da dakuwa da na yi da kaina. Tana ajiye ta a durowarta. Duk ranar da aka raba wani abu, Auta ta ɗauki nata daga ciki, kada ta zauna hannu biyu tana kallo. Na yi irin wannan da malamin Islamiyya, don can ma ranar Alhamis ana kawo sadakar biskit.

Laraba, 4 ga Disamba

Sanyi ya sauka. Masa tana isa lokacin tara ta yi tauri. Yanzu ina zuba tafasasshen ruwa a kular in rufe minti biyar, in zubar, sannan in sa abincin. Kunun gyaɗa a fulas ya maye gurbin zoɓo. Sabuwar shinkafa ta shigo kasuwa, na sayi ta tuwo da za ta kai mu ƙarshen zango. An auna ta a asibiti, ta ƙara kilo ɗaya da rabi tun Satumba. Siket ɗin makarantar da na taɓa kama wa da fil yanzu yana zama da kansa.

Talata, 21 ga Janairu, 2025

Abin da ke damuna wannan zangon ƙashi ne. Yarinyar da ta shekara biyu hanjinta ba ya tsotsar abinci, yanzu kuma ba madara, daga ina za ta samu kalsiyam? Na zata madarar waken suya da nake yi ta wadatar, tunda fara ce kamar madara. Ma'aikaciyar abinci a asibiti ta ce a'a, ta gida ba ta da shi sosai, ta kamfani ce ake ƙara mata. Ta ce in nemi ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, da zogale, da riɗi, da kuka. Likita kuma ya rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi, na sa mai kemis ya duba mini takardar da ke cikin kwalin ko akwai sitacin alkama.

Kifi ba ya yi mana wuya a nan. Abban yara ya je Yauri aiki ya dawo da ƙananan busassu cikin kwali. Na wanke su da ruwan zafi, na shanya, na ɗan soya sama-sama, na daka da ƙayar duka har ya zama gari. Cokali ɗaya a dafa-duka, cokali ɗaya a ƙullun alala. Ba ta ma san yana ciki ba. Zogalen da take jin kunyarsa a dambu, yanzu yankakke yake shiga cikin wainar ƙwai, ta ce kamar alayyafo. Tarwaɗa kuma na yi mata dambun kifi, yana kwana huɗu bai canja ba a wannan sanyin, ta barbaɗa a kan shinkafa.

Saboda ƙarancin jini na raba ta da shayi a lokacin cin abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Lemon zaƙi ko gwaiba nake sa mata a hawa na biyu na kular, su taimaka wa jiki suke yi ya ɗauki sinadarin.

Karatun kwali ya zama mana aiki. Na rubuta wa Abban yara sunayen alkama da sha'ir da malt da madara da Turanci a wata 'yar takarda, tana cikin walat ɗinsa. Wasu dunƙulen ɗanɗano akwai alkama a cikinsu, wasu babu, kuma rubutun ƙanana ne, wani lokaci a babbar ledar kawai yake, ba a jikin ƙwayar da mai kanti ke sayarwa ɗai-ɗai ba. Na gaji da wannan, tukunyar Auta ta koma daddawa da albasar Aliero da garin kifi. Lemon kwalba na malt ma sha'ir ne, baƙi suna yawan miƙa mata shi da kyakkyawar niyya, suna cewa ai yana ƙara jini.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Gobe za a rufe makarantu, bana an gyara kalanda hutun ya faɗa cikin azumi, sai bayan Sallah. Bari in ajiye yadda mako yake tafiya yanzu don kada in manta in an dawo.

Daren Asabar nake jiƙa wake in surfe, in shanya wani in ajiye, don surfen wake da asuba shi ke makarar da mu. Lahadi da yamma awara: markaɗe, tata, tafasa, ruwan tsamiya, matsewa a ƙyalle a ɗora dutse. Litinin ita ce da soyayyen dankalin Hausa. Talata dafa-duka. Laraba masa ko sinasir, ƙullun ya kwana yana tashi, kuma sinasir ɗina ba nono a ciki, yis kawai da ɗan tuwon shinkafa da ya kwana. Alhamis ƙosai ko alala da kunu. Juma'a fura. Ƙarfe biyar saura kwata nake tashi.

Burodi ya ƙi. Sau huɗu na gwada da garin shinkafa da alabo da ƙwai, yana fitowa da nauyi, washegari ya farfashe. Danƙon da ke riƙe iskar burodi shi ne ainihin abin da aka hana ta, ba a maye gurbinsa da abin da ke kicin ɗina. Ƙwai da garin da na ɓata sun isa abincin mako guda a wannan tsadar. Na bar shi. Taliyar shinkafa na gani a wani babban kanti a Sakkwato, kuɗin leda ɗaya ya fi na mudun shinkafa, na saya mata guda ɗaya don ranar da kwaɗayin ya taso.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Sallah. Yawon Sallah ya fi makaranta haɗari, don a makaranta malama ɗaya nake roƙo, a nan kuwa kowane gida da farantin cincin da dubulan, kuma ƙin karɓar abin hannun babba rashin kunya ne a wurinmu. Na koya mata ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta miƙa wa yayanta. Na rataya mata 'yar jaka da nakiya da na yi da man gyaɗa maimakon man shanu, da dambun nama.

A gidan yayar babansu aka matsa mata. Ina daga tsakar gida na ji ta ce, “Gwaggo, alkama tana sa ni ciwo, likita ya hana. Ina da nawa.” Gwaggon ta yi shiru, sannan ta tashi ta ɗebo mata soyayyen nama, ta tsaya ta tambaye ni ko man da aka soya shi an taɓa soya cincin a ciki. An taɓa. Ta mayar, ta yanko mata kankana.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An koma ranar Litinin, zafi ya wuce 40. Alalar da na turara da asuba ranar Talata, kafin tara ta fara yauƙi, malamar ce ta shinshina ta hana ta ci, ta ba ta dabino daga robar durowa. Allah ya saka mata. Kunun aya ma ba ya kai ƙarfe goma sai ya yi tsami. Duk abin wake mai laima na ɗage shi zuwa damina. Yanzu busassun abubuwa ne: gasasshen dankali, ƙosai da aka soya ya bushe sosai, shinkafa da mai da yaji, dambun nama, ƙuli-ƙuli, mangwaro. In an samu wuta da dare ina daskarar da gorar zoɓo ko tsamiya, in naɗe ta da tawul in jingina da kular 'ya'yan itace. In ba wuta, yayanta ya sayo ƙanƙara a bakin titi.

Wata sabuwar matsala. Ƙawayen nan da suka toshe hanci yanzu suna roƙon masa da awara, biyu daga cikin iyayensu har sun aiko tambayar yadda nake yajin. Ban hana ta bayarwa ba, amma na ce ita za ta ɗiba ta sa musu a murfi. Cokalin da ya shiga Indomie kada ya shiga kularta, hannun da ya riƙe burodi ma haka. Na ƙara yawan masa daga shida zuwa tara.

Asabar, 17 ga Mayu

Ranar Laraba muka je Sakkwato. An maimaita gwajin jinin da aka fara gano ciwon da shi, adadin ya sauka sosai, bai kai daidai ba tukuna, likita ya ce yakan ɗauki shekara ko fiye. Jininta ya hau. Ta ƙara kilo uku da ɗan wani abu tun Satumba, tsawo santimita huɗu. Ya ce a kawo yayanta shi ma a gwada shi, don ciwon yana bin jini, kuma kada in cire masa alkama kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai fito ƙarya. Wannan ya sa dole in bar shi ya ci gaba da sayen burodinsa a waje, ya wanke hannu kafin ya shigo kicin.

Ya ba da izinin gwada madara, a gida, ranar da ba makaranta, kaɗan-kaɗan. A fara da soyayyen man shanu, don kusan babu sukarin madara a cikinsa, sai kindirmo, wanda tsaminsa ya riga ya cinye wani ɓangare na sukarin. Madarar gari da ta ruwa su ne ƙarshe. Alkama dai tana nan inda take.

Na kira Hajiya a waya tun muna mota. Jiya da yamma sai ga ɗan kabu-kabu da kwalbar man shanu da 'yar ƙwarya a ɗaure da ƙyalle. Daren jiya na sa rabin cokalin man a tuwon shinkafarta da miyar kuka, ta kwana lafiya. Yau da hantsi cokali biyu na kindirmo a cikin furarta, sauran kwalba da nono. Yanzu ƙarfe huɗu, tana waje tana 'yar gala-gala da yaran maƙwabta, na tambaye ta cikin sau biyu ta ce ba komai. Zan jira zuwa gobe da safe. In ya kwana lafiya, Asabar mai zuwa cokali huɗu. Kular Litinin dai awara ce da dankali, waken yana jiƙe.